Tarihin Gem Ɗin Hannu: Daga Amurka Da Japan Zuwa Batsari Da Safana

  

Na san wasu za su yi murmushi in suka ga kan wannan maƙala, su ce ashe wane ya rasa abin rubutawa sai kayan wasan yara. To, ina roƙon a yi mani uzuri har a kai ƙarshe. Abin da nake son in ba da tarihinsa shi ne 'yar na'urar nan ta roba da muke kira gem, wadda tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, mai gilashi ruwan toka da maɓallai rawaya, wadda aka rubuta a goshinta wai wasanni 9999 ne a cikinta. Duk wanda ya yi makarantarmu tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da farkon shekarun 2000 ya san ta, ko dai ya mallake ta, ko ya are ta, ko kuwa shi ne malamin da ya ƙwace ta. Ga mafi yawanmu 'yan ƙasar Batsari da Safana, ita ce kwamfuta ta farko da hannunmu ya taɓa, ko da yake a lokacin ba mu san sunanta ke nan ba. Tana da asali mai tsawo, kuma a cikin asalin nan akwai darasin da ya shafi wata shawara da ke gaban ƙungiyarmu.

Mafari: wasan Amurkawa a cikin kalkuleta

Labarin ya faro ne daga ƙasar Amurka, a wani kamfanin kayan wasan yara mai suna Mattel. A tsakiyar shekarun 1970 kalkuleta ta aljihu ta yi araha ƙwarai, kamfanonin da ke ƙera 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikinta suna neman inda za su kai hajarsu. Sai wani ma'aikacin Mattel, George Klose, ya kawo shawarar a ɗauki wannan ƙwaƙwalwa, tare da 'yan jajayen fitilun da ke nuna lambobi, a mayar da su abin wasa. Aka haɗa kai da kamfanin Rockwell, inda wani injiniya, Mark Lesser, ya yi wa ƙwaƙwalwar kalkuleta kwaskwarima ya rubuta mata umurnin wasa. Wurin ajiyar da yake da shi bai wuce abin da zai ɗauki haruffa wajen 500 ba, wato bai kai wannan sakin layi da kuke karantawa ba. A ciki ya cusa wasan tseren mota, aka fitar da shi kasuwa a 1976 da sunan Auto Race. Babu hoton mota a ciki. Ɗigon jan haske ne kawai yake hawa sama a kan layi uku, mai wasa yana kauce wa sauran ɗigogin da ke gangarowa.

A 1977 suka fitar da na ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa, ya karɓu fiye da zato, sannan a 1978 suka biyo da na besbol. Da yake wannan wasa baƙo ne a wurinmu, bari in ɗan yi bayaninsa. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 9. Ɗaya tana jifa da tsaron fili, ɗaya tana bugu. Mai jifa zai wurgo wani ƙwallo mai tauri, kamar girman lemun zaƙi, mai bugu ya make shi da kulki. In ya same shi sai ya yar da kulkin ya sheƙa, ya bi tashoshin da aka jera a kusurwoyi huɗu, in ya zagayo ya dawo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. In ya kuskure sau 3 ya fita, in aka cafe ƙwallon kafin ya taɓa ƙasa ya fita, haka nan in ƙwallon ya riga shi isa tasha. Da zarar mutum 3 sun fita sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu, har a yi zagaye 9. Wanda ya yi langa ba zai rasa gane ruhin abin ba, domin a can ma burin shi ne ruwa ya isa wurin sha kafin abokan hamayya su tare shi.

Abin da ya sa besbol ya zauna daram a cikin wannan 'yar na'ura shi ne, gaba ɗayan wasan ya rataya ne a kan ƙiftawar ido guda, wato lokacin da kulki zai haɗu da ƙwallo. Saboda haka aka zana filin a jikin robar, aka jera 'yan fitilu daga wurin mai jifa zuwa wurin mai bugu. Na'ura ta jefo, haske ya taho a guje, wani sa'i da sauri wani sa'i a hankali, kai kuma ka danna maɓalli daidai lokacin da ya iso. In ka dace sai ta yi ƙara, ka shiga danna maɓallin gudu. Batir ɗaya mai ƙarfin bolt 9 ke tafiyar da ita. Wasu kamfanonin, irin su Entex da Coleco, suka biyo sahu da nasu samfurin, wanda mutum biyu ke iya bugawa, ɗaya na jifa ɗaya na bugu. Kafin shekarar 1980 irin waɗannan na'urori sun cika aljihun yaran Amurka, malamansu kuma sun fara kukan da namu suka yi bayan shekara ashirin.

Mai gyaran inji na birnin Kyoto

Daga Amurka sai labarin ya tsallaka Japan, ƙasar da ita ma ta riƙi besbol hannu bibbiyu. Wani malamin makaranta Ba'amurke, Horace Wilson, shi ya koya wa ɗalibansa wasan a birnin Tokyo a 1872. Wannan ba zai ba Bakatsine mamaki ba, domin mu ma ta hanyar makaranta da fada baƙin wasanni suka shigo mana. Malaman Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗewa a 1922, sun koya wa ɗalibansu kurket da ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwallon dawaki kuwa a zamanin Sarki Muhammadu Dikko ya kafu, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Bambancin kawai shi ne mu Ingilishi ne suka zo mana, su kuma ba su da ruwa da besbol.

A birnin Kyoto akwai wani tsohon kamfani, Nintendo, wanda aka kafa tun 1889 don buga katin karta. A 1965 ya ɗauki wani saurayi, Gunpei Yokoi, aikin kula da injinan buga katin, wato in sun tsaya ya tayar da su. Da yake aikin ba shi da yawa, sai yakan zauna yana harhaɗa 'yan tarkace. Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannun wasa mai miƙewa da naɗewa da ya ƙera don nishaɗin kansa. Maimakon ya kore shi, sai ya ce a mayar da abin haja. Daga nan mai gyaran inji ya zama mai ƙirƙira.

An ce a cikin jirgin ƙasa Yokoi ya ga wani ma'aikaci da zama ya ishe shi yana ta danne-dannen kalkuleta, sai tunani ya zo masa na yin abin wasan da babba zai iya ɓoyewa a tafin hannunsa. A watan Afrilu na 1980 aka fitar da Game & Watch, wato wasa haɗe da agogo. Ya yi watsi da jajayen fitilun Amurkawa masu shan batir, ya ɗauki gilashin nan mai ruwan toka irin na agogon hannu, wanda ɗan batir kamar maɓallin riga ke riƙewa wata da watanni. An sayar da fiye da miliyan 43 na wannan jerin, kuma a jikin ɗaya daga cikinsu ne, a 1982, aka fara sa maɓallin nan mai siffar gicciye na sama da ƙasa da hagu da dama.

Yokoi yana da wata aƙida da ya riƙe a aikinsa. A ganinsa, bai kamata mai ƙira ya bi sabuwar fasaha mai tsada ba. Gara ya ɗauki wadda ta kwana biyu, wadda kowa ya san halinta kuma farashinta ya faɗi, ya nemo mata sabon amfani. Ya gwada wannan a fili ranar 21 ga Afrilu, 1989, da aka fitar da Game Boy. A cikin wasanni huɗu da suka fito tare da ita a Japan ran nan har da besbol, wanda yara biyu ke iya bugawa in suka haɗa na'urorinsu da waya. Gilashinta ba launi, sai kore-kore da baƙi. Abokan gasa suka fito da nasu masu launi da haske, Atari a 1989, Sega a 1990, ana ta yi wa Nintendo dariya. Amma masu launin nan batir 6 suke ci, su cinye shi cikin sa'o'i kaɗan, ita kuwa Game Boy da batir 4 sai ta ninka su sau da yawa, ga araha, ga jure faɗuwa. Ita da ƙanwarta mai launi da ta biyo baya an sayar da fiye da miliyan 118, masu dariya kuwa suka bar kasuwar. Yokoi ya rasu a haɗarin mota a 1997.

Ma'aikacin gwamnati na birnin Mosko

Saura ƙafa ta uku ta murhun. A 1984, a wata cibiyar lissafi ta gwamnatin Tarayyar Sobiyet da ke Mosko, akwai wani ma'aikaci mai suna Alexey Pajitnov. Kwamfutar ofishinsu, Elektronika 60, ko hoto ba ta iya nunawa sai haruffa. Da waɗannan haruffa ya ƙaga wasan da ya kira Tetris: siffofi 7, kowace an gina ta da murabba'i 4, suna faɗowa daga sama, kai kuma kana juya su kana jerawa kamar magini. In layi ya cika sai ya ɓace, in ka bar giɓi gini ya yi ta tashi har ya toshe sama, wasa ya ƙare. 'Yan'uwana ma'aikatan gwamnati za su fahimci abin da ya biyo baya: da yake da kayan ofis ya yi aikin, haƙƙin wasan ya zama na hukuma, shi kuwa bai fara cin moriyarsa ba sai a 1996. Nintendo ta sayi izinin sa shi a Game Boy, aka sayar da kwafi wajen miliyan 35.

To, a nan ne 'yan kasuwar ƙasar Sin da maƙwabtanta suka shigo. Suka lura cewa Tetris ba ya bukatar na'ura mai tsada. Gilashi mai gidaje 10 a kwance da 20 a tsaye ya isa, sai ƙwaƙwalwa mafi araha da ƙananan batura biyu. Daga wajen farkon shekarun 1990 suka shiga ƙera ta babu ƙaƙƙautawa, sunan da aka fi rubutawa a jikinta shi ne Brick Game, wato wasan bulo. Wannan ita ce gem ɗinmu. Jikinta kwaikwayon Japan ne, babban wasan cikinta na Rasha ne, tseren motar nan kuwa da muke kauce wa motoci masu gangarowa, jikan Auto Race ne na 1976. Batun wasanni 9999 kuma, duk wanda ya yi haƙurin dannawa ya san 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, a sauya masu sauri ko a juya su.

Yadda ta iso mana

Me ya sa ta ƙasar Sin ce ta iso Batsari, ta Japan ba ta iso ba? Amsar tana cikin aljihun iyayenmu. Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta yi ta zubewa, kayan waje suka fi ƙarfin talaka. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumba na 1987 cikin wannan hali ake. Game Boy ta asali sai a gidajen manya a Kano ko Kaduna, kuma kowane wasa sai an sayi kaset ɗinsa daban. Gem kuwa da kuɗin barka da salla na shekara ɗaya ko biyu yaro zai iya mallakarsa, ko ya yi ƙodago a gonar rogo ya tara.

Hanyoyin da ya biyo su ne dai waɗanda tocila da rediyo da agogon roba suka biyo. Wani daga Ikko zuwa kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga nan 'yan koli su ɗauko zuwa Katsina da Dutsin-ma. Wani ta Kwatano zuwa Maraɗi, ya tsallako ta Jibiya. Wani kuma a jakar alhazai, cikin tsarabar yara, tare da 'yar kyamarar nan ta roba da ake leƙawa a ga hotunan Makka da Madina. Ranar kasuwar Batsari ko ta Runka sai ka gan shi a shimfiɗar ɗan koli tsakanin madubi da makulli, mai kayan ya kunna ɗaya yana ta kiɗa don ya ja yara.

A wannan doguwar tafiya besbol ya faɗi a hanya. Wasan da ya taimaka wajen haifar da na'urar bai iso tare da ita ba, kuma dalilin a bayyane yake. Kafin ka ji daɗin ɗigon haske mai wakiltar ƙwallo, sai ka san ƙa'idar filin da yake kwaikwayo, mu kuwa ba mu taɓa ganin filin ba. Ko da aka buga besbol a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, labarinsa bai dame mu ba, hankalinmu na kan ƙwallon ƙafa. Jera bulo kuwa ba ya bukatar Turanci ko tafinta. Yaron da ya taɓa miƙa wa magini tubali ya riga ya san dokar: kada ka bar giɓi.

Sauran labarin ku ma shaidu ne. Gem ɗaya yakan zagaye ɗakin kwana gaba ɗaya, ana bin layi, wanda ya mutu ya miƙa wa na gaba. Mai shi yakan zama ɗan sarki, ana ba shi ƙwayar sukari ko cokalin madara don a samu shiga layi. Da yake gilashin ba ya haske da kansa, da dare sai an matsa kusa da fitilar ƙwai. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, ko a ɗan cije shi, a samu ƙarin rabin sa'a. Ƙa'ida ta farko ga sabon shiga ita ce ya koyi kashe sauti, domin kiɗan da yake yi in an kunna shi ya sha tona asirin mutane a lokacin karatun dare. Malamanmu sun ƙwace da yawa, kuma da gaskiyarsu, don akwai waɗanda bulo ya riƙa faɗo masu a ido har a ɗakin jarrabawa. Muna fatan in akwai sauran a cikin durowa, wannan maƙala za ta zama takardar neman afuwa a madadin masu su.

Amma akwai wani abu da ya kamata a rubuta don kada a manta. A kowane aji akan sami yaro ɗaya ko biyu waɗanda wasan bai dame su ba kamar abin da ke cikin na'urar. In gem ya lalace wurinsu ake kaiwa. Da bakin reza ko ƙusar da aka daddaƙe suke kwance shi, su tarar da ɗan koren allo mai ɗigon baƙin ƙaro a tsakiya, wanda a ƙarƙashinsa ƙwaƙwalwar take. Su suka gano cewa in maɓalli ya daina aiki, goga masa bakin fensir yakan tayar da shi, in kuma wani sashe na gilashi ya ɓace, 'yar robar da ke haɗa shi da allon ce ta goce. Ba wanda ya koya masu, kuma babu wannan a manhaja. Da dama daga cikin irin waɗannan yara su ne yau ke da rumfar gyaran waya a Katsina ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, suna ciyar da iyali, har suna da yara masu koyo a ƙarƙashinsu.

Zuwan wayar hannu

Abin da ya kawo ƙarshen zamanin gem shi ne wayar salula. A watan Agusta na 2001 aka fara harkar GSM a Nijeriya, bayan 'yan shekaru kuma sabis ya iso garuruwanmu. Wayoyin Nokia sun zo da nasu wasan, wato macijin nan mai cin ƙwaya yana ƙara tsawo har ya sari kansa, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Taneli Armanto, ya shirya wa kamfanin a 1997. Nokia 3310 ta fito a 2000, sai 1100 mai tocila a 2003. Ku lura, su ma a kan aƙidar Yokoi suka ci kasuwarmu: gilashi marar launi, batir mai kwanaki, jiki mai jure ƙura da faɗuwa. A garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo, tocilar da ke kan waya ta fi kowace ƙawa daraja.

Wannan gaskiya ta sake bayyana a cikin mawuyacin hali. Kowa ya san abin da ƙasarmu ta gani daga 'yan bindigar dajin Rugu, da ƙauyukan da aka tasa, da gonakin da aka bari. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana, karatun yara da yawa ya tsaya. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, sai a watan Disamba aka maido. A 'yan watannin nan na je gida sau da dama, na kuma ga yadda manyan wayoyi masu tsada suka koma kamar madubi, duk abin da ke cikinsu mai bukatar intanet ya mutu. Abin da ya rage yana aiki shi ne rediyo, da tocila, da macijin ƙaramar waya, sai kuma dara da dattawa ke yi a gindin bishiya, wadda ba ta taɓa neman sabis ba.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu bari in zo ga shawarar da na ambata. An daɗe ana magana a tarukanmu kan gudummawar da za mu kai wa makarantarmu, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne ɗakin kwamfuta. Bukatar kam ta gaske ce. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron da ya tashi a Wagini ko Zakka, ya yi shekara shida yana karatu da alli da allo, sai a kai shi Katsina ko Dutsin-ma a zaunar da shi gaban na'urar da bai taɓa taɓawa ba, agogo na tafiya, hannunsa na rawa. Yana iya sanin amsa ya faɗi. A 2017 hukumar ta sauƙaƙa abin, ta fito da tsarin amsawa da maɓallai 8 kacal. Maɓallan Game Boy ma, in aka ƙirga kusurwoyi huɗu na gicciyen, 8 ne. Ashe abin da ke kayar da ƙannenmu bai fi abin da muka ƙware a kai a ƙarƙashin bargo ba. Rashin sabo ne kawai.

A bakin aikina na shiga makarantu da dama, na ga ɗakunan kwamfuta da aka buɗe da kaɗe-kaɗe da jawabai. Na ga manyan na'urori an lulluɓe su da leda, ƙura ta rufe ledar, ƙofa da kwaɗo, makulli yana wurin wanda ya tafi taro. Babu wuta, babu kuɗin man janareta, kuma ana tsoron kada yara su ɓata. Na'urar da ake tsoron yaro ya taɓa ba za ta koya masa kome ba. Gem ya koya mana ne saboda yana hannunmu dare da rana, yana da arahar da in ya lalace ba a kiran kwamitin bincike, sai dai a miƙa wa mai reza.

Don haka shawarata ga shugabanninmu ita ce mu auna kowace na'ura da ma'aunin da kasuwar Batsari ta auna gem. Nawa take, me take ci, wa zai gyara ta in ta tsaya, kuma tana aiki in babu sabis? Gara mu sayi ƙananan kwamfutoci na hannu guda ashirin, ko da kwance ne, waɗanda faranti biyu ko uku na hasken rana za su riƙe, a zuba masu tambayoyin jarrabawar baya da ba sa bukatar intanet, da mu sayi manya guda biyar na nuna wa baƙi. A tsara yadda kowane ɗalibi, mace da namiji, zai zauna gabansu ko da sau ɗaya a mako tun daga aji ɗaya. Sannan a ware tebur guda a kusurwa, da sukudireba da abin auna wuta da ƙarfen like waya da tarin matattun rediyoyi da wayoyi, a bar masu son kwancewa su kwance. 'Yan'uwanmu masu gyaran waya na tabbata ba za su ƙi ba da yini ɗaya a zango su zo su nuna masu ba, kuma su ne za su riƙa duba na'urorin in sun yi ciwo.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen da na ba da labarinsu, da mai kwaskware kalkuleta, da mai gyaran injin karta, da ma'aikacin da ke da tsohuwar kwamfutar ofis, duk da abin da ke gabansu suka yi aiki, kuma an sami wanda ya bar su suka taɓa. Ina kyautata zaton akwai irinsu a cikin yaran da ke zaune a kujerun da muka bari. Ina roƙon a sa wannan batu a jerin abubuwan da za a tattauna a babban taronmu mai zuwa, wanda ke da ra'ayi dabam kuma ya zo da shi, don a haɗu a zaɓi abin da ya fi.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya zaunar da ƙasar Ruma da ta Safana da jiharmu baki ɗaya lafiya, Ya maido da waɗanda suka bar gidajensu, Ya kuma albarkaci zumuncinmu.